Yaƙi, Ƙasa da Diyauci: Nazarin Rayuwa da Ayyukan Henry Reynolds a Kan Tarihin Aborijinawan Ostireliya

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun rayuwa da rubuce-rubucen Henry Reynolds, masanin tarihi ɗan Ostireliya da aka haifa a 1938, wanda tun daga shekarun 1970 yake sake karanta tarihin haɗuwar Turawan Birtaniya da 'yan asalin nahiyar, wato Aborijinawa. An dogara ne da manyan littattafansa, da hukunce-hukuncen kotu da aikinsa ya shafa, da kuma sukar da abokan hamayya da abokan aiki suka yi masa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa gardamar da aka fi yi da Reynolds, wato ta adadin mutanen da aka kashe, ba ita ce jijiyar aikinsa ba. Jijiyar hujja ce guda mai gaɓa uku: abin da ya faru yaƙi ne, a kan ƙasa aka yi yaƙin, wanda kuwa ya yi yaƙi don kare ƙasa, mai ƙasa ne kuma mai iko da ita. An kuma nuna cewa dogaron da ya yi da takardun Turawa shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma iyakarsa.

Gabatarwa

A watan Janairun 1788 jiragen ruwa 11 suka iso gaɓar gabashin Ostireliya ɗauke da fursunoni da sojoji daga Birtaniya, ƙarƙashin Gwamna Arthur Phillip. Ƙasar da suka sauka ba kango ba ce. Mutane sun fi shekara 50,000 suna zaune a cikinta, suna magana da harsuna kimanin 250, kowace al'umma da yankinta da dokokinta da wurarenta masu tsarki. Duk da haka ba a ƙulla yarjejeniya da kowa ba, ba a sayi ko taki ɗaya ba, ba a kuma shelanta yaƙi ba. A idon dokar Birtaniya ta wancan lokaci, Ostireliya ƙasa ce da aka tarar ba mai ita aka tare a ciki, ba wadda aka ci da yaƙi ko aka karɓa ta hanyar sulhu ba.

Littattafan tarihin da aka karantar a makarantun ƙasar a rabin farko na ƙarni na 20 sun ginu ne a kan wannan fahimta. Jarumansu masu keta daji ne, da makiyayan tumaki, da masu haƙar zinariya. Abokan gabansu kuwa fari ne da ƙishirwa da nisan tafiya. In Aborijinawa sun fito, a babin farko suke fitowa tare da bayanin tsirrai da dabbobi, daga nan su ɓace. A 1968 masanin al'adun al'ummomi W. E. H. Stanner ya gabatar da jerin laccocin Boyer a gidan rediyon ƙasa, inda ya ce wannan ɓacewa ta wuce a kira ta mantuwa. Babban shiru ne da al'umma ta saba da shi har ya zama ɗabi'a. Shekara biyu bayan haka C. D. Rowley ya fitar da The Destruction of Aboriginal Society, wanda ya bi diddigin manufofin gwamnati da ɓarnar da suka yi. Saboda haka ba Reynolds ne ya fara buɗe ƙofar ba. Abin da ya bambanta shi shi ne tambayar da ya shiga da ita: su waɗanda aka mamaye, me suka gani, me suka fahimta, me kuma suka yi?

Daga Hobart zuwa Townsville

An haifi Reynolds a Hobart, babban birnin tsibirin Tasmaniya, a nan ya yi karatun jami'a. Ya koyar a makarantun sakandare a Ostireliya da Ingila, sannan a tsakiyar shekarun 1960 ya sami aikin koyar da tarihi a kwalejin da ke Townsville, arewacin jihar Queensland, wadda ta zama Jami'ar James Cook a 1970. Shi da kansa ya faɗa a littafinsa na 1999, Why Weren't We Told?, cewa ya kammala karatun tarihi ba tare da sanin wani abin kirki game da tashin hankalin da ya faru a bakin iyakar mamaya ba, alhali tsibirin da aka haife shi na daga cikin wuraren da jini ya fi kwarara.

Townsville ce ta buɗe masa ido. A arewa wariyar launin fata ba labarin da ba ne; yana ganinta a titi da mashaya da ofishin 'yan sanda. A lokacin, Aborijinawa da yawa a Queensland suna ƙarƙashin dokoki na musamman da suka ba jami'an gwamnati ikon cewa ga inda mutum zai zauna, ga kuma yadda za a yi da albashinsa. Ya ba da labarin ziyarar da ya kai tsibirin Palm, inda gwamnati ke tsugunar da Aborijinawa, ya tarar da ƙananan 'yan mata biyu a kulle a ɗakin kurkuku kan laifin da bai wuce na ɗan makaranta ba. Matarsa Margaret, wadda daga baya ta zama sanata mai wakiltar Queensland daga 1983 zuwa 1999, ta riga shi shiga fafutukar 'yancin Aborijinawa, musamman gabanin ƙuri'ar raba gardama ta 1967, wadda sama da kashi 90 cikin 100 na masu zaɓe suka amince a gyara tsarin mulki don a riƙa ƙidaya Aborijinawa cikin jama'ar ƙasa, a kuma ba gwamnatin tarayya ikon yi musu doka.

Wannan asali yana da muhimmanci wajen fahimtar salonsa. Reynolds bai taɓa ɓoye cewa yana da ɓangare ba. Ya shiga taskokin tarihi ne da tambayar da titunan Townsville suka ɗora masa, kuma ga talakan mai karatu yake rubutu, ba ga 'yan uwansa malamai kaɗai ba.

Ɗaya gefen iyaka

A 1972 ya tattara takardun tarihi ya buga da sunan Aborigines and Settlers. Littafin da ya fito da sunansa kuwa shi ne The Other Side of the Frontier, wanda sashen tarihi na jami'arsa ya buga a 1981, kamfanin Penguin ya sake bugawa a 1982. Ya shafe shekaru yana tankaɗe da rairayar tsofaffin jaridu, da wasiƙun gwamnoni, da rahotannin 'yan mishan, da littattafan tafiye-tafiye, da jerin kalmomin harsunan Aborijinawa da Turawan farko suka tattara, yana tsince duk wani gutsuren bayani da ke nuna abin da ke faruwa a ɗaya gefen.

Hoton da ya fito daga wannan aiki ya saɓa wa wanda aka saba. Labarin Turawa yakan riga Turawan isa wuri: ƙarfe da gilashi da taba da kalmomi, har da cututtuka, suna bin hanyoyin ciniki na gargajiya su yi nisan ɗaruruwan mil kafin a ga farar fata. A wurare da dama an ɗauki baƙin a matsayin 'yan uwa da suka mutu suka dawo, aka ba su sunaye da matsayi a cikin dangi. Reynolds bai karanta wannan a matsayin wauta ba. A wurinsa ƙoƙari ne na jawo baƙo cikin tsarin doka, domin wanda ya zama dangi akwai haƙƙin da ya hau kansa: ya raba abin da ya samu, ya girmama wurare masu tsarki, ya biya in ya yi laifi. Rikici yakan fara ne a lokacin da ya bayyana cewa baƙon ba wucewa yake yi ba, kuma ba ya da niyyar raba komai. Tumaki da shanu sun cinye ciyawa, sun tattake saiwoyin da mata ke haƙa, sun gurɓata ruwan sha, sun kori namun daji. Cin zarafin mata ya ƙara rura wutar.

A nan ne ya yi abin da nake ganin shi ne babbar gudummawarsa. Takardun Turawa cike suke da ƙorafin an soke tumaki da mashi, an kora garke, an ƙona bukkar makiyayi. Masu rubuta su sata da ta'adi suka gani. Reynolds ya jera waɗannan rahotanni kusa da juna, ya nuna cewa sau da yawa ana kashe dabbobi fiye da abin da za a iya ci, ana kai hari lokacin da makiyayi yake shi kaɗai, ana leƙen asiri ta hannun waɗanda ke aiki a gidajen Turawa, a wasu yankuna har masu garke sukan tattara su bar wurin. Wannan yaƙin sari-ka-noƙe ne, wanda ya nufi dukiyar abokin gaba domin ya san a nan ransa yake. Ya kuma kula da abin da masanin tarihin Turai zai iya tsallakewa, wato sihiri da addu'o'in gargajiya da aka yi don korar baƙin, ya ce in ana son fahimtar turjiyar mutane sai an lissafa makaman da su suka yarda da su.

A ƙarshen littafin ya yi ƙiyasin cewa aƙalla Aborijinawa 20,000 aka kashe a rikicin bakin iyaka, wajen rabinsu a Queensland, a gefen baƙi kuwa tsakanin 2,000 da 2,500. Wannan adadi ne jaridu suka riƙe, shi ne kuma ya jawo masa fitina daga baya. Amma littafin bai rataya a kansa ba.

Bai tsaya ga masu turjiya kaɗai ba. A With the White People na 1990 ya juya ga waɗanda suka yi aiki da Turawa: 'yan jagora da suka nuna wa masu keta daji inda ruwa yake, da mahaya dawakin da kiwon shanu a arewa ya dogara da su, da matan da suka yi aikatau, da kuma 'yan sandan 'yan ƙasa. Wannan runduna ta ƙarshe ita ce mafi ɗaci a labarin. Samari ne Aborijinawa da ake ɗebowa daga yankuna masu nisa, a ba su doki da bindiga ƙarƙashin hafsoshi Turawa, kuma sun yi aiki a yankin Queensland tun daga ƙarshen shekarun 1840 har farkon ƙarni na 20. A rahotanninsu na hukuma sukan rubuta cewa sun tarwatsa taro, kowa kuma a lokacin ya san harbi ake nufi.

Ƙasa da shari'a

Daga cikin ma'aikatan Jami'ar James Cook akwai wani mai kula da lambu, Eddie Koiki Mabo, mutumin tsibirin Mer da ke mashigin Torres, tsakanin Ostireliya da Niyu Gini. Mutanen waɗannan tsibirai al'umma ce daban da Aborijinawan babban yankin; manoma ne masu gonaki da iyakoki sanannu. Wata rana a 1974 suna hira da Reynolds da abokin aikinsa Noel Loos, Mabo yana ba su labarin gonakin gidansu, sai suka gaya masa cewa a dokar Ostireliya ƙasar ba tasa ba ce, ta gwamnati ce tun da Queensland ta haɗe tsibiran a 1879. Abin ya girgiza shi. A wani taron haƙƙin ƙasa da aka yi a jami'ar a 1981 aka yanke shawarar zuwa kotu, a 1982 Mabo da wasu 'yan tsibirin suka shigar da ƙara.

Bangon da ke gabansu mai kauri ne. A 1889 Kwamitin Shari'a na Majalisar Sarauniya a Landan, a shari'ar Cooper da Stuart, ya ɗauki yankin New South Wales a matsayin ƙasar da ba ta da mazauna na dindindin ko tsayayyar doka lokacin da aka karɓe ta. A 1971 aka yanke hukunci a ƙarar da al'ummar Yolngu ta arewa ta kai kamfanin haƙar ma'adinai na Nabalco. Mai Shari'a Blackburn ya yarda cewa suna da cikakken tsarin doka, amma ya ce wannan bai ba su mallakar ƙasa da dokar Ostireliya ta sani ba.

The Law of the Land, wanda Reynolds ya fitar a 1987 shari'ar Mabo na tafiya, farmaki ne a kan wannan bango. Hujjarsa ita ce an cakuɗa abu biyu da ya kamata a raba: ikon mulkin ƙasa, da mallakar filayen da ke cikinta. A sauran sassan daular Birtaniya, sarki yakan karɓi mulki amma filaye su zauna a hannun masu su har sai an saya ko an karɓa bisa doka. Haka aka yi a Arewacin Amurka, haka aka yi a Niyu Zilan da yarjejeniyar Waitangi ta 1840. Ya ƙara da cewa ko a Ostireliya ma, jami'an ofishin mulkin mallaka a Landan na shekarun 1830 da 1840, waɗanda wasunsu sun fito daga gidajen masu yaƙi da cinikin bayi, sun san Aborijinawa na da haƙƙi. Ya kafa hujja da takardar sarauta ta 1836 da ta kafa Ostireliya ta Kudu, wadda ta ambaci haƙƙin 'yan ƙasa a kan filayen da suke zaune, da kuma umarnin Earl Grey na 1848 cewa hayar filin kiwo ba ta hana 'yan ƙasa farauta da neman abinci a filin ba. Wato a ganinsa doka ba ta rasa ba. Turawa mazauna ne suka take ta.

Mai karatu a Nijeriya zai gane wannan bambanci da sauri. Da Lugard ya shiga Sakkwato a watan Maris na 1903, bai ce ƙasar ba ta da mai ita ba. Cewa ya yi an ci ta da yaƙi, don haka ikon da ke hannun sarakuna ya koma hannun Birtaniya. Zalunci ne, amma zaluncin da ya amsa cewa akwai wanda aka ƙwace wa. A Legas kuma, Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya bi haƙƙin filayen Apapa har Landan, a 1921 aka yanke cewa miƙa Legas ga Birtaniya a 1861 bai shafe mallakar gargajiya ba. Wannan hukunci na Legas yana cikin waɗanda alƙalan Ostireliya suka jingina da su a shari'ar Mabo.

Ranar 3 ga Yuni, 1992, Babbar Kotun Ostireliya, wadda ita ce kotun ƙoli a ƙasar, ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 6 a kan 1 cewa dokar ƙasa ta san haƙƙin mallaka na gargajiya, kuma yana nan daram a duk inda gwamnati ba ta soke shi ba, muddin mutanen ba su rabu da al'adarsu game da filin ba. Mabo bai ga ranar ba. Ya rasu a watan Janairun shekarar. Wasu daga cikin alƙalan sun ambaci aikin Reynolds. A 1993 majalisa ta yi dokar da ta tsara yadda za a nemi wannan haƙƙi, a Disambar 1996 kuma, a shari'ar al'ummar Wik, kotun ta yanke da rinjayen 4 a kan 3 cewa hayar filin kiwo ba lallai ta shafe haƙƙin gargajiya ba. Filayen kiwo na haya sun kai wajen kashi biyu cikin biyar na nahiyar, saboda haka tsofaffin wasiƙun shekarun 1840 da Reynolds ya tono suka zama abin da manoma da kamfanonin ma'adinai da 'yan siyasa ke cacar baki a kai. Bai kamata a zuzuta rawarsa ba: masu ƙara da lauyoyinsu ne suka ci shari'a, kuma hukuncin ya fi dogara da hukunce-hukuncen baya da dokar ƙasa da ƙasa. Amma shi ya shimfiɗa tarihin da ya sa hukuncin ya zama abin da hankali zai ɗauka.

Tasmaniya da yaƙin masana tarihi

A 1995 ya koma tsibirinsu da Fate of a Free People. Sanannen labarin Tasmaniya shi ne na al'ummar da aka hallaka, ragowar kuma wani ɗan mishan, George Augustus Robinson, ya yaudare su ya kwashe su zuwa tsibirin Flinders. Reynolds bai musanta asarar ba. Yaƙin ya yi tsanani har Gwamna George Arthur ya kafa dokar soja a 1828, a 1830 kuma ya jera mutum sama da 2,000 suka yi shinge suna sharar daji don koro Aborijinawa, suka ƙare da kama mutum biyu. Abin da Reynolds ya ƙara shi ne cewa waɗanda suka bi Robinson ba ganima ba ne. Sun ajiye makami ne bisa alkawarin baka. Shaidarsa takardar koke ce da Walter George Arthur da wasu mutum bakwai suka aika wa Sarauniya Victoria daga Flinders a 1846, inda suka bayyana kansu a matsayin 'yantattun mutane da ba a kama a yaƙi ba, suka tuna mata cewa sun cika nasu ɓangaren yarjejeniyar. Wannan takarda ta daɗe a taska. 

Martani bai daɗe ba. Tun 1993 masanin tarihi Geoffrey Blainey ya koka cewa ana rubuta tarihin ƙasa cikin baƙin makoki, John Howard kuma ya ɗauki wannan magana ya yayata ta bayan ya zama firaminista a 1996. A 2000 Keith Windschuttle ya fara kai hari a mujallar Quadrant, a 2002 ya fitar da The Fabrication of Aboriginal History, inda ya zargi Reynolds da Lyndall Ryan da ƙirƙira. Ya bi bayanan ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya, ya ce Aborijinawan da za a iya tabbatar da kashe su a Tasmaniya ba su wuce kimanin 120 ba, ya kuma ce abin da suka yi fashi ne da kisan kai, ba yaƙi ba, domin a cewarsa ba su da tunanin mallakar ƙasa.

Adalci ya sa a faɗi cewa ya gano kurakurai na gaske, har da wata maganar Gwamna Arthur da Reynolds ya ɗauko ba daidai ba, kuma Reynolds ya amsa. Amma ma'aunin da Windschuttle ya kafa ba ya tsayuwa. Wanda ya ce ba zai ƙirga gawa ba sai an rubuta ta a takardar hukuma, ya miƙa alƙalanci ne ga wanda ya yi kisan. Bayan kisan Myall Creek na 1838, inda aka hallaka aƙalla mutum 28 aka kuma rataye Turawa 7, mazauna sun koyi darasi, amma darasin rufe baki. Kuma a yawancin yankunan an daɗe ba a karɓar shaidar Aborijinawa a kotu. Masana da dama sun mayar masa da martani a littafin Whitewash na 2003 da Robert Manne ya shirya. Binciken baya kuma bai rage adadin Reynolds ba, ƙara shi ya yi. A 2014 Raymond Evans da Robert Ørsted-Jensen, bisa lissafin sintirin 'yan sandan 'yan ƙasa, suka yi ƙiyasin sama da mutum 65,000 a Queensland kaɗai. Taswirar kisan gilla da Ryan ta jagoranta a Jami'ar Newcastle, wadda aka fara wallafawa a intanet a 2017, ta tattara wurare sama da 400 da mamata sama da 10,000, alhali ba ta ƙirga komai sai inda aka kashe mutum 6 ko fiye a lokaci guda.

Abin lura shi ne shi kansa Windschuttle ya gane inda jijiyar take, shi ya sa bai tsaya ga lissafi ba sai da ya musanta cewa mutanen suna da ƙasa. Ya san in aka yarda yaƙi ne, sauran ya biyo baya. Reynolds kuwa ba mai rungumar kowace tuhuma ba ne: a An Indelible Stain? na 2001 ya yi taka-tsantsan da zargin kisan ƙare-dangi, ya ce bai ga shaidar cewa gwamnatin Landan ko Gwamna Arthur sun ƙudurci shafe al'ummar Tasmaniya ba. Wannan bai yi wa wasu magoya bayansa daɗi ba.

Iyakar takardun Turawa

Sukar da ta fi nauyi daga abokan aiki ta zo. Bain Attwood ya ce The Law of the Land rubutu ne irin na lauya mai neman cin shari'a: ya zaɓi muryoyin masu tausayi a Landan ya ɗaukaka su zuwa matsayin doka, alhali a aikace ba su hana komai ba. Wasu kuma sun nuna cewa kalmar Latin ta terra nullius, wato ƙasar da ba ta da mai ita, wadda littafin ya yayata, ba da ita jami'an 1788 suka yi aiki ba. Daga baya ta shigo maganar Ostireliya. Ina ganin wannan suka ta yi daidai a rabi. Gaskiya ne Reynolds ya fi son ya sami adalci a cikin al'adar Birtaniya kanta, kamar yadda ya yi a This Whispering in Our Hearts na 1998, kan Turawan da suka tsaya wa Aborijinawa irin su Lancelot Threlkeld da John Gribble. Dabara ce ta mai son farar fata su ji cewa gyara gadonsu ne, ba baƙon abu ba. Amma ko da kalmar sabuwa ce, aikin tsoho ne: da John Batman ya yi ƙoƙarin sayen fili daga mutanen Kulin a 1835, Gwamna Bourke ya soke cinikin, bisa cewa ƙasar ta Sarki ce, ba wanda zai saya daga hannun 'yan ƙasa.

Iyaka ta biyu ta fi zurfi. Ɗaya gefen da Reynolds ya nuna, ta tagar Turawa ya leƙa shi. Bai ji harsunan mutanen ba, kuma bai gina aikinsa a kan tarihin baka ba. Inda aka yi hakan, abin da ke fitowa daban ne. Deborah Bird Rose ta rubuta labaran dattawan yankin kogin Victoria, waɗanda ke maganar Kyaftin Cook kamar shi da kansa ya zo yankinsu, alhali a 1770 gaɓar gabas kawai ya bi. A wurinsu Cook sunan doka ce ta ƙwace da ba ta mutu ba. Irin wannan tarihi ba ya shiga ma'aunin ranaku da takardu, kuma tsarin Reynolds ba shi da wurin ajiye shi. Marubuta Aborijinawa kamar Kevin Gilbert, da James Miller, da Jackie Huggins, da Marcia Langton, sun yi magana da bakinsu, wasunsu ma kafin The Other Side of the Frontier ya fito. Akwai kuma haɗarin da ke tattare da ɗaukaka mayaƙi: matar da ta raya 'ya'yanta a sansanin mishan, ta ɓoye harshenta a zuci ta miƙa wa jikoki, ita ma ta yi turjiya, amma ba ta da mashi da za a gani a rahoton ɗan sanda.

Gaɓar da ta rage

Littattafansa na baya-bayan nan sun koma kan yaƙi da diyauci. A Forgotten War na 2013 ya tambayi dalilin da ya sa ƙasar da ke girmama sojojinta da suka mutu a Gallipoli a 1915, ta gina musu katafaren gidan tunawa a Kanbera, ba ta san da waɗanda suka mutu suna kare ƙasar kanta ba. A 2021 shi da Nicholas Clements suka rubuta tarihin Tongerlongeter, jagoran mutanen Oyster Bay, wanda ya rasa hannu a yaƙi, ya kuma shiga Hobart a Janairun 1832 tare da ragowar mutanensa, su 26, riƙe da masunsu, don ganawa da gwamna. A 2022 hukumar gidan tunawar ta ce za ta faɗaɗa bayanin rikicin bakin iyaka a ɗakunanta.

Gaɓa ta uku, wato diyauci, ita ce ta ƙi motsi. Hukuncin Mabo ya ba da fili amma ya ce yadda Birtaniya ta sami ikon mulki ba abin da kotun cikin gida za ta bincika ba ne, don daga wannan iko ita kanta kotun ta samo nata. Reynolds ya bi wannan batu a Aboriginal Sovereignty na 1996 da Truth-Telling na 2021, yana cewa ko a ma'aunin dokar ƙasa da ƙasa ta ƙarni na 18, dasa tuta a bakin teku ba ya ba da mulkin cikin nahiyar da Bature bai taka ba sai bayan shekaru da dama. Tun da kotu ta janye hannu, magana ta koma fagen siyasa. A 2017 wakilan 'yan asalin ƙasa suka taru a Uluru suka nemi murya a majalisa, da yarjejeniya, da faɗin gaskiyar tarihi. Ranar 14 ga Oktoba, 2023, wajen kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa da buƙata ta farko. Jihar Victoria ta ci gaba da hukumarta ta binciken gaskiya, Yoorrook, da ta kafa a 2021, har ta kammala aikinta a 2025, amma sabuwar gwamnatin Queensland ta soke dokar shirin yarjejeniya a ƙarshen 2024, ta rufe kwamitin binciken da ya fara sauraron shaidu watanni kaɗan kafin nan.